Zuwa ga Inna, Wadda Ta Goya Ni Zuwa Dutse

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga ɗiyarki Rabi zuwa ga mahaifiyata, Inna Amina. Gaisuwa mai yawa da ban girma, tare da roƙon Allah ya sa kina cikin hutu a makwancinki. Bayan haka, ina sanar da ke muna nan lafiya. Daminar bana ta yi kyau, dawa ta shiga rumbu, auduga kuma ana kan ɗiba.

Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Amma akwai maganar da ta kamata ki ji, kuma tun da ta shiga kunnena na kasa zama. Sai na sa aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar ƙofar gida, na kira Malam Idi ya zo da alƙalami da tawada, ina faɗa yana rubutawa. Jikoki sun kewaye mu. Yawancinsu ba su san ki ba. Ganuwar garin nan kawai suka sani, su yi ta gunaguni duk shekarar da aka ce a fito gyaranta. Ki yi mini haƙuri in ɗauko maganar daga tushe, don su ma su ji.

Lokacin da nake tasowa ƙauyenmu ba shi da ganuwa. Kafi ne na itace da ƙaya, da ƙofa guda ta gabas. Maska ce mai ganuwa, ita kuwa tafiyar rabin yini ce ga mai ƙarfin ƙafa. Muna jin labarin mahara daga arewa, an ce sun ƙone gari kaza, sun kwashe mutanen ƙauye kaza, amma mu ba su taɓa zuwa mana ba. Sai muka ɗauka nisa ya cece mu.

Ban taɓa ganin hannunki a sake ba. Da safe ki gurje auduga, ki shiɓe ta, da rana mazari na juyawa, yatsunki fari fat da alli. Ranar kasuwa Baba ya ɗauki zarenki ya kai Maska, ya dawo yana ba da labarin yadda masaƙa suka ware shi daban, wai ba ya tsinkewa a kan masaƙa. Ki yi kamar ba ki ji ba. In ɗorawa ta nuna kuma gidanmu ya ɗauki warin daddawa har maƙwabta su riƙa tsokanarki. Ki ce, “Ku bari ta yi, ku ne za ku fara aiko da ƙoƙo.” Haka kuwa ake yi.

Ƙawarki ta ƙut da ƙut ita ce Marka, Bamagujiya, matar tsoho Nomau, da gidajensu ke gindin dutse yamma da mu. Ba sa salla, suna dafa giya, suna kuma da wurin yankansu a wani kogo can saman dutsen, inda ba wanda ke shiga sai nasu. Marka tana da wata ƙwarya da ta rataye daban, giya ba ta taɓa shiga cikinta ba, da ita take ba ki ruwa. Ranar Salla ki aika musu da tuwo, in sun yi girbi ita ma ta aiko miki da damin farko. Wata mata ta taɓa tambayarki abin da kike nema a gidan waɗanda ba sa salla. Kika ce, “Ranar da naƙudar ɗana Garba ta kama ni a hanyar rafi, ita ta durƙusa ta karɓe shi. Ba ta tsaya tambayata komai ba.” Matar ba ta sake tayar da zancen ba.

Shekarar da abin ya faru an riga an yi mini aure a wajen Danja, na dawo gida goyon ciki. Na haifi Binta bayan an gama girbi, aka yi suna, mijina da danginsa suka koma. Ke kika ɗauki wankan jegona. Safe da yamma ki tafasa ruwa a babbar tukunya, ki tsoma ganyen runhu ki riƙa fyaɗa mini, ina ihu kina cewa, “Yi ta yi, zafin ne maganin.” Sannan ki cika mini ƙwarya da kunun kanwa, ki tsaya a kaina sai na shanye.

Ina da kwana goma sha biyu da haihuwa, da hantsi, kin gama mini wanka ke nan, muka ji an busa ƙaho daga wajen gonaki. Sai kuwwa ta biyo baya. Da muka fito tsakar gida, ga hayaƙi ya miƙe daga ƙauyen da ke arewa da mu, baƙi ƙirin, irin na rumbu in ya kama.

Baba ya shiga ɗaki ya fito da baka da kwari. Garba ƙanena, wanda ko gemu bai gama fito masa ba, ya ɗauki nasa. Mutane suka rabu biyu, wasu na cewa a yi Maska. Kika ce, “Mai doki zai cim mana kafin mu kai rafi. Dutse za mu.” Baba ya ce to ku tafi, su za su tsare ƙofa gwargwadon iko. Garba ya tsaya a gabanki kamar zai yi magana. Kika gyara masa igiyar kwari a kafaɗa, kika ce, “Ka tsaya kusa da ubanka.” Iyakar sallamar ke nan.

Mata suna ta ɗibar zannuwa da tasoshi. Ke kuwa gorar ruwa kika ɗauka, da ƙullin garin gero, da ludayi. Kika ɗaura mini Binta a baya, muka fita ta wata ɓarakar kafi da ke yamma, muka ratsa cikin karan dawa.

Ban yi nisa ba ƙafafuna suka ƙi. Jini ya ɓalle mini, idona ya riƙa ganin duhu. A gindin wata ɗorawa na zauna, na kwance goyon na miƙa miki, na ce ku tafi ku bar ni. Da gaske nake, Inna. A lokacin ban ga abin da ya fi kwanciya a wurin daɗi ba.

Ni ce ɗiyarki ta fari, kuma kunyar ɗan fari irin ta mutanenmu ba ta taɓa barinki kin kama sunana ba. “Ke” kike ce mini, ko “waccan” in kina magana da wani. Ranar nan kika durƙusa a gabana, kika dube ni ido cikin ido, kika ce, “Rabi, tashi.”

Na yunƙura, na kasa. Daidai nan Marka ta iso, ta jiyo ƙahon ta taho nemanki. Kika miƙa mata jaririyar, kika kwance mayafinki, kika juya mini baya. Ina matar aure, ina uwa, kika goya ni. Ina jin ƙashin bayanki a ƙirjina, ina jin yadda numfashinki ke fita da ƙyar, kina hawa kina dafa duwatsu da hannu. Sau biyu gwiwarki ta bugi ƙasa. Ba ki sauke ni ba sai a bakin kogo.

A can muka tarar da Nomau tsaye da sandarsa. Nasu sun riga sun shige. Mu kuwa mun taru a fili, mata da yara da tsofaffi, duk wanda ya ɗaga kai daga ƙasa zai hango mu. Nomau ba mugu ba ne, tsoro ne a fuskarsa. Ya ce tun kakanninsa baƙo bai taɓa taka wurin ba, balle mai jego da jini a jikinta. Kika sunkuyar da kai kika ce, “Nomau, ban zo kallon abin da ke ciki ba, idona a ƙasa zai zauna. Abin da ke tsakaninka da dutsenka kai ka san yadda za ka gyara shi. Ni dai ga ’ya’ya.”

Ya ci gaba da tare bakin kogon da sandarsa. Sai Marka ta raɓa ta gefensa da Binta a hannu, ta shige abinta. Ya bi ta da kallo, ya dubi mu, sannan ya janye sandar. Daga baya na ji cewa akuyarsa guda da ta tsira ita ya yanka don ya wanke wurin, kuma har ya mutu bai taɓa yi mana gori ba. Ke ma kin cika alkawari. Kwana uku muka yi a ciki, in za ki yi salla ki fito bakin kogon ki yi taimama, kuma ban ga kin ɗaga ido kin dubi ƙuryar ba ko sau ɗaya.

A ranar farko, wajen azahar, ɗan Marka na biyu ya hauro da wani abu a naɗe cikin tsumma. Jinjiri ne namiji, bai fi Binta da wata guda ba. A ƙarƙashin tarin kara ya tsince shi, inda uwarsa ta tura shi kafin a kama ta. Ba wanda ya san ko ɗan wane ne. Yunwa ta ci shi, yana ta tsala kuka, kogon kuma yana ƙara wa kukan ƙarfi. A daidai lokacin muka fara jin haniniyar dawaki a gindin dutse, da muryoyin maza suna kiran juna.

Wani dattijo daga cikin namu, ba zan faɗi sunansa ba don jikokinsa suna nan zaune, ya ce a fitar da yaron a kai shi nesa, kada rai ɗaya ya ja wa kowa. Ba wanda ya ce a’a. Ni ma ban ce ba. Na ƙanƙame Binta, don na san nonona da ƙyar yake isarta tun da muka hau.

Kika karɓi yaron kika kawo mini. Na kau da kai, na ce ba zai isa ba. Kika ce, “Biyu Allah ya ba ki, ba don ado ba.” Kika buɗe mini zani da hannunki kika ɗora shi. Ya kama, kogon ya yi tsit. Muka zauna haka, Binta a dama, shi a hagu, muna jin mutanen suna zagaya dutsen suna neman hanya. Ba su ga bakin kogon ba. Da rana ta karkata suka juya.

Yaron nan shi ne Malam Idin da ke rubuta takardar nan. Ga shi ya ajiye alƙalami yana kallon ƙasa, sai da na ce masa ya ci gaba. Ya san labarin, amma bai taɓa jin cewa na fara ƙin sa ba. Gara ya ji daga bakina, ya san wadda ta tsaya masa.

Ruwan da muke da shi na wani kwarmin dutse ne da damina ta bari, ga mu da yawa. Ban san wanda ya naɗa ki ba, na dai ga kowa ya zuba miki ido. Kika zauna a bakin kwarmin da ludayinki, yara su fara sha, sai masu shayarwa, sai tsofaffi, namu da na Nomau ba bambanci. Ni kuwa sau biyu kike dama mini gari a yini. Na ɗauka rabon masu jego ne. Sai bayan shekaru Marka ta gaya mini cewa naki kike haɗawa da nawa. Na tuna yadda leɓɓanki suka tsattsage, na tuna ban tambaya ba.

Rana ta uku ’ya’yan Nomau suka leƙa suka ce mahara sun tafi. Muka sauko. Babu ɗaki ko ɗaya mai jinka, rumbuna sun zama toka, hatsi yana ta ci a hankali yana hayaƙi. A ƙofar kafi muka sami Baba, shi da waɗanda suka tsaya tare da shi, kwarinsa babu kibiya ko ɗaya. Kika bi gawarwakin ɗaya bayan ɗaya kina dubawa. Garba ba ya ciki. Wani da ya yi kwance cikin ƙaya da rauni a cinya ya ce ya ga an ɗaure shi da igiya a bayan doki, da ransa.

Babu ƙyallen likkafani a garin. Mayafin da kika goya ni da shi kika wanke, aka naɗe Baba a ciki.

Abin da kika yi da la’asar ɗin ranar shi ne ba zan taɓa mantawa da shi ba. An dawo daga binnewa, kowa ya zauna cikin toka ya rasa ta inda zai fara. Ke kuwa kika shiga tone-tone har kika sami tukunya guda da ba ta fashe ba. Kika jera duwatsu uku, kika je rijiya, kika karyo runhu. Kika ce mini, “Kwana arba’in ne wankan nan. An ci mana uku, sai mu rama.” Kika yi mini wanka a bayan guntun bangon ɗakinki. Ganyen yana faɗuwa daga hannunki kina ɗauka. Ban yi ihu ba ranar. Da matan suka ga hayaƙin murhunki, sai ga wannan ta tashi tana neman tukunya, waccan tana tsintar hatsin da bai ƙone duka ba.

Bayan kwana biyar mijina ya iso daga Danja, ya tarar da ni da ’ya’ya biyu. Allah ya jiƙansa, tambaya ɗaya ya yi, ko an raɗa wa yaron suna. Aka ce ba a sani ba, sai liman ya raɗa masa Idrisu. Mijina ya roƙe ki ki bi mu. Kika ce, “In Garba ya dawo, wa zai tarar?” Da ya ga ba za ki motsa ba, shi ya tattaro nasa ya dawo nan.

Shekarar mun ci wuya. Mun ci tafasa da rama ba gari, mun ci garin ɗorawa har ya gundure mu. Irin da aka shuka da damina daga wajen mutanen Nomau ya fito, don su suna ɓoye nasu a dutse. Da rani ya zagayo aka fara ganuwa. Maza na kwaɓa ƙasa suna yin tubali, mata na jido ruwa daga rafi. Ke da Marka kuke fara fita, ku kuke ƙarshen dawowa. Da aka zo shata inda za ta bi, wasu suka so a bar gidajen Maguzawa a waje. Kika je har gaban dattawa, abin da ba ki taɓa yi ba, kika ce, “Su ba su bar mu a waje ba.” Shi ya sa ganuwar ta yi wannan lanƙwasar ta yamma, da yara ke tambayar dalilinta. Mahara sun sake zuwa sau biyu a rayuwarki, suka zagaya suka koma.

Ba ki taɓa yin kukan Garba a gaban mutane ba. Amma duk ayarin fataken da ya sauka, sai kin dafa wake kin kai musu, ki tsaya gefe ki tambayi madugu ko ya ga wani dogo mai tabo a haɓa. Su ce Allah ya bayyana shi, ki ce amin, ki ɗauki ƙwaryarki. Kika kaɗa zare mafi kyau da kika taɓa yi, aka saƙa a Maska, aka rina, aka ɗinka riga. Kika naɗe ta a adudu. Duk kaka ki fito da ita ki shanya, ki mayar. Ranar da za ki cika, kina kwance kanki a cinyata, kika nuna adudun da ido kika ce, “Kada asu ya ci.” Ban bari ya ci ba.

To, Inna, ga maganar.

Kwana huɗu da suka wuce wasu fatake masu jakuna suka sauka da kanwa da gishiri. Ɗaya daga cikinsu ya riƙa bin gari yana tambaya ko nan ne ƙauyen da ke gindin dutse tsakanin Maska da Danja, ko kuma akwai gidan wata Amina mai zare. Aka kawo shi wurina.

Ya ce can arewa, tafiyar kwanaki da yawa, akwai wani tsohon marini a garinsu, dogo, mai tabo a haɓa. Bawa aka kai shi yana saurayi, ya yi shekaru a hannun mutane, daga baya ya sami kansa. Ya yi aure, yana da ’ya’ya da jikoki. Babbar ɗiyarsa sunanki ta ci, Uwani suke ce mata. Yanzu idanunsa sun tafi, ba ya iya tafiya. Amma duk ayarin da zai yi kudu sai ya sa an ja shi zuwa zango, ya kwatanta musu ƙauyenmu. Da yawa sun ce to, ba wanda ya iso sai wannan.

Na ce wane saƙo ya ba ka. Bafataken ya ce ba saƙo ba ne, tambaya ce. Ya ce in ka sami wani nawa, ka tambaye shi, ranar nan Inna da Yaya sun kai dutsen?

Shekara arba’in da wani abu yana ɗauke da wannan, Inna. Ke kina nan kina tambayar fatake ko yana raye, shi yana can yana tambayarsu ko tsayuwar da suka yi a ƙofa ta isa.

Na sa bafataken ya maimaita amsar sau uku don kada ya manta. Na ce ka gaya masa mun kai. Ka gaya masa Inna ce ta goya ni. Ka ce jaririyar da ya sani ta yi jikoki, kuma mun sauko da ƙarin ɗa. Ka ce Baba yana kwance a ƙofar gabas, an yi masa sutura. Ka ce Inna ta rayu har gashinta ya yi fari, ba ta bar garin ba ko na kwana ɗaya, don kada ya zo ya tarar ba kowa.

Jiya da safe ayarin ya tashi. Na buɗe adudu na ba shi rigar. Shunin bai koɗe ba. Ba zai gan ta ba, amma marini ne, kuma ɗanki ne, in ya shafa zai gane zaren.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Ya yalwata kabarinki, ya shayar da ke daga ruwan da ba a jin ƙishi bayansa. Ya jiƙan Baba da waɗanda suka faɗi tare da shi, da matar da ta tura ɗanta ƙarƙashin kara, wadda ba mu san sunanta ba. Marka da Nomau kuwa, Shi ya san abin da suka yi mana, a hannunsa na bar su. Allah ya kai fataken nan lafiya, ya sa su tarar da Garba da ransa. Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, kada yaran nan su ji ƙarar ƙahon da muka ji. Amin.

Idi yana gaishe ki. Binta ma.

Wassalam.

Ɗiyarki,
Rabi